Yadda Ake Kushe Kaya da Turanci: Daga "Ba Yabo Ba Fallasa" Zuwa "Jabu"

Wani ƙanena mai sayar da kayan waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya yi odar caja 500 daga wani kamfani na ƙetare. Ranar da kayan suka sauka ya farke kwali, ya zaro guda goma ya gwada a gabana. Uku ko wuta ba sa kawowa. Huɗu suna caji, amma kafin minti goma sun ɗau zafi kamar dutsen guga. Sauran ukun lafiya lau suke aiki, sai dai igiyarsu siririya ce, ka naɗe ta sau biyu a hannu robar ta fara tsagewa a wuya. Ya zauna ransa a ɓace ya rubuta wa kamfanin saƙo, ya miƙo mini waya in duba. Layi ɗaya ne: "Your goods is very bad and fake."

Na ce, "Kai, da wannan saƙon ko sisin kwabo ba za su mayar maka ba."

Ya ce, "Haba Yaya, ai gaskiya na faɗa."

Rabin gaskiya ya faɗa. Cajojin ba jabu ba ne, don ba su ɗauki sunan wani kamfani sun liƙa ba, da sunansu suka zo. Ita kuma "bad" ba ta gaya wa mai karanta saƙon komai, face cewa wani yana fushi. A Hausa ba ma yin irin wannan shirme. Babu ɗan kasuwar da zai kira gwanjo jabu, ko ya ce wa manja mai algus "ɗan maneji". Mun san bambancin kadaran-kadahan da aikin ha'inci. Turanci ma haka yake, yana da kalma ga kowane irin aibi, mu ne muka tsaya a kan guda biyu.

Mataki na farko: gano laifin kayan da Hausa tukuna

Kafin ka taɓa ƙamus, ka tambayi kanka mene ne takamaimai ya dame ka. Abin yana aiki amma bai burge ka ba? Akwai wani ma'auni da ya kamata ya kai, bai kai ba? Wanda ya yi shi ne ya yi aikin gaggawa da kayan banza? Ba shi ne abin da aka ce shi ne ba? Ko kuwa lafiyarsa ƙalau, ƙyalƙyali da ƙauyanci ne suka yi masa yawa? Kowace amsa gidanta daban. Ka faɗi amsar da Hausa a jimla ɗaya, sannan ka shiga gidan da ya dace.

Mataki na biyu: gidan ba yabo ba fallasa

Uwar wannan gida ita ce "mediocre", ana furta ta kusan "midiyoka". Asalinta Latin ne: "medius" tsakiya, "ocris" tsauni mai duwatsu. Wato wanda ya kama hawan dutse ya tsaya a rabi. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 16. A nan tarkon yake: ma'anarta ta asali tsaka-tsaki ce, amma a bakin Bature na yau kushe ce tsagwaronta. In ka ce wa mai ɗinki aikinsa "mediocre" ne, ka gaya masa ba shi da hannu, kuma ka faɗa cikin sanyin murya, wanda ya fi zagi ciwo. Kada ka yi amfani da ita kana zaton kana sassautawa ne.

In sassauci kake nufi, akwai matattakala. A samanta akwai "decent", wadda yabo ce ƙarami: abincin ya yi, ɗakin otal ɗin babu laifi. Ƙasa da ita "fair" da "average". Sai "adequate", "passable" da "acceptable", waɗanda duk suke cewa abin ya biya buƙata da ƙyar, kamar ɗalibin da ya ci D7 ko E8 a jarrabawar WAEC: bai faɗi ba, amma ba a kiran maroƙa. A hira kuma akwai "so-so", wadda ita ce kadaran-kadahan ɗinmu daidai, har da karkaɗa hannun da ake yi.

Mai sayen kaya ta intanet ya kula da wannan matattakala sosai. A Amazon, kayan hannu suna da daraja huɗu: "Like New", "Very Good", "Good", sai "Acceptable". Ta ƙarshen ita ce ƙasan tukunya. Littafin da aka rubuta masa "Acceptable" zai iya zuwa da bango a lanƙwashe da rubuce-rubucen wani a ciki, kuma ba ka da bakin ƙorafi, don an gaya maka, kai ne ba ka ji yaren ba.

Kalmar "satisfactory" ma ta sha irin wannan faɗuwar daraja. Hukumar Ofsted mai duba makarantu a Ingila ta daɗe tana ba makarantu wannan maki, har aka wayi gari kowa ya san makarantar da aka ce mata "satisfactory" ba a gamsu da ita ba. A 2012 hukumar ta cire kalmar, ta maye gurbinta da "requires improvement", wato tana buƙatar gyara. Ka ga ke nan in shugabanka a ofis ya rubuta "satisfactory" a takardar auna ƙwazonka, kada ka yi saurin yanka rago.

Akwai wasu 'yan gidan da ke magana kan rashin armashi, ba rashin inganci ba. "Run-of-the-mill" ta samo asali daga kayan da suka fito daga masaƙa a dunƙule kafin a tsince masu kyau, wato gama-gari. "Nothing to write home about" na nufin abin bai kai a ba da labarinsa a gida ba. "Lacklustre" da "underwhelming" sun fi dacewa da wasa, jawabi ko taro: ƙungiyar ƙwallon da aka cika baki a kanta, ta shiga fili ta buga kamar ba ta karya kumallo ba. Matasa kuma suna da nasu: "meh", wadda ƙamus ɗin Collins ya shigar a 2008, da "mid" da ta cika TikTok a 'yan shekarun nan. Waɗannan na hira ne, kada su shiga wasiƙa.

Mataki na uku: gidan abin da bai kai ma'auni ba

Wannan shi ne gidan da ya fi amfani ga ɗan kasuwa, domin kalmominsa suna tsayawa a gaban hukuma.

"Substandard" na nufin akwai ma'auni a rubuce, kayan sun gaza shi. Ita ce kalmar da za ka ji a bakin NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da bambanci tsakanin kalmomi biyu a harkar magani: "substandard" maganin kamfani ne mai izini wanda bai cika ƙa'idar inganci ba, "falsified" kuwa wanda aka yi ƙarya da gangan a kan sunansa, abin da ke cikinsa, ko inda ya fito. A shekarar ta 2017 dai hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki yana cikin ɗayan biyun. Na farko gazawa ce, na biyu zamba. Duk wanda ya riƙe wannan bambancin ya wuce kuskuren ƙanena.

"Inferior" kalmar kwatanci ce, ma'anarta na ƙasa. Don haka tana son a ce ƙasa da me. Kuma "to" take bi, ba "than" ba: "inferior to the sample", wato bai kai samfurin da aka aiko ba. Wannan kuskuren na "inferior than" ya yi yawa a wasiƙunmu. Ka tsare ta a kan kaya. In ka ɗora ta a kan mutum ko wata al'umma, ka shiga maganar raini da wariya.

"Subpar" da "below par" suna nufin ƙasa da yadda aka saba ko aka zata. Abin dariya, a wasan golf wanda ya buga ƙasa da "par" shi ne gwani, amma a sauran rayuwa kushe ce. Sai "poor quality" da "low quality", waɗanda ba su da ado amma ba sa ɓata: in ka rasa abin cewa, "of poor quality" ba za ta kunyata ka ba.

"Second-rate" da "third-rate" suna da tarihi mai daɗi. Rundunar sojan ruwan Birtaniya ce take raba jiragen yaƙinta daraja-daraja bisa yawan igwa. Mai igwa 100 ko fiye shi ne "first-rate", irin jirgin Victory da kwamandan rundunar, Nelson, ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805. Mai 90 zuwa 98 shi ne na biyu, mai 64 zuwa 80 na uku. A wancan zamani "third-rate" ba zagi ba ne, hasali ma masu igwa 74 su ne ƙashin bayan rundunar. Da kalmar ta sauko tudu sai ta lalace. Yau "second-rate" raini ne, "third-rate" kuwa raini ne da tsaki a kai, kuma sun fi hawa kan mutane da ayyukansu: marubuci, otal, jami'a.

Mataki na huɗu: gidan aikin ha'inci da abin da ya lalace

A nan zan ɗan daɗe, don a nan kuɗin mutane suke salwanta.

"Shoddy", wato "shodi", sunan wani irin ulu ne tun asali. Wajen 1813 wani mutum mai suna Benjamin Law a garin Batley na yankin Yorkshire a Ingila ya gano yadda za a yayyaga tsofaffin tsummokaran ulu, a gauraya da sabo kaɗan, a sake saƙa yadi. Sana'a ce ta halal, kuma ta ciyar da garuruwa. Sunan ya ɓaci ne a yaƙin basasar Amurka da ya fara a 1861, lokacin da 'yan kwangila suka ɗinka wa sojojin Arewa kaki da irin wannan yadi, ruwan sama na dukansa yana zagwanyewa a jikin soja. Tun daga nan kalmar take ɗauke da ma'ana biyu a haɗe: abin ba shi da ƙarko, kuma wanda ya yi shi ya san haka. Shi ya sa ta fi "poor" zafi. Abokiyar tafiyarta ita ce "workmanship": "shoddy workmanship" shi ne aikin birkilan da ya rage siminti, ko kafintan da ya sa ɗanyen katako ya shafe da fenti. Ana kuma cewa "shoddy treatment" in an wulaƙanta mutum.

"Flimsy" ta dace da abu siriri marar ƙwari: leda mai yagewa, kujerar roba mai lanƙwashewa, igiyar cajar ƙanena. Tana hawa kan uzuri ma, "a flimsy excuse", uzurin da ko yaro ba zai yarda da shi ba. "Rickety" ta abin da ke girgiɗi ce, tsani ko tebur ko tsohuwar mota. "Jerry-built" ta gini ce da aka tayar cikin gaggawa da kayan araha.

Yanzu ga uku da dole ka bambance, don su ne ke nuna wanda zai biya. "Defective" na nufin aibin daga masana'anta ya fito, laifin mai ƙerawa ne. "Faulty" na nufin ba ya aiki yadda ya kamata, ba tare da ka ce daga ina matsalar ta taso ba. "Damaged" kuwa na nufin lafiyarsa ƙalau aka yi shi, daga baya ya ji rauni. In ka rubuta wa kamfani cewa kaya sun zo "damaged", ka ba su ƙofar fita da hannunka: za su ce ka nemi masu jigila. Na ga wanda ya yi asarar dubban nairori a kan wannan kalma ɗaya.

Abin da bai taɓa aiki ba ko sau ɗaya, kamar batir ko kwan fitila, a hira "dud" ne. Mota ko injin da aka saya sabo amma kullum yana wurin bakanike, Amurkawa suna ce masa "lemon", wato lemon tsami. Kalmar ta kafu har jihohinsu suna da dokokin da ake kira "lemon laws" masu tilasta wa kamfani ya canza irin wannan mota ko ya mayar da kuɗi, kuma masanin tattalin arziki George Akerlof ya gina shahararriyar maƙalarsa ta 1970 a kan kasuwar irin waɗannan motoci.

Mataki na biyar: gidan jabu

"Fake" ta kowa ce. "Counterfeit" ita ce ta doka: an kwaikwayi suna da tambari don a yaudari mai saye, ko kuɗi ko magani ko takalmi. "Knock-off" an kwaikwayi fasali amma sau da yawa ba a saci sunan ba, kuma mai saye ya san abin da yake saye. "Imitation" ba lallai laifi ba ce: "imitation leather" fatar roba ce da aka faɗi gaskiyarta. Algus kuma "adulterated" ne, zuma da sukari, fetur da kananzir.

Gwanjo ba ya cikin wannan gida sam. "Used", "second-hand", "pre-owned" da "refurbished" bayani ne, ba kushe ba. Su kuma "fairly used", "London used" da "tokunbo" namu ne na Najeriya, wanda ke ƙetare zai iya rasa inda ka dosa.

Mataki na shida: gidan ƙyalƙyalin banza

Wani abin ba ya karyewa, ba jabu ba ne, ido ne kawai ba ya son sa. "Tacky" da "gaudy" su ne na falon da aka cika da ruwan gwal da furannin roba. "Cheesy" ta fi hawa kan waƙa, fim ko kalaman soyayya da suka yi zaƙi har suka gundura. "Tawdry" kuma sunan waliyyiya ce ya lalace. Audrey sarauniya ce da ta kafa gidan ibada a garin Ely na Ingila, ta rasu a shekara ta 679. A kasuwar da ake ci duk shekara don tunawa da ita ana sayar da wani zaren ado na wuya mai suna "Saint Audrey's lace". Baki ya taune sunan ya koma "tawdry lace", kayan kuma suka yi araha har sunan ya zama na duk wani ado mai walƙiya marar daraja. Yau har abin kunya na lalata ana ce masa "tawdry".

Ka yi hattara da "cheap". Fuska biyu gare ta: mai araha, da kuma na banza. In ka ce wa mutum rigarsa "looks cheap", ka zage shi. In sauƙin kuɗi kake yabawa, ka ce "affordable" ko "inexpensive". Mai talla da ya rubuta "cheap clothes" a shafinsa yana korar rabin masu sayensa bai sani ba.

Mataki na bakwai: duba wanda kake magana da shi

Tsakanin abokai komai ya halatta: "rubbish" a bakin Ingila, "trash" da "garbage" a bakin Amurka, "junk" ga tarkace, "crummy", da "lousy" wadda asalinta daga "louse" ne, wato kwarkwata. Turawan Ingila suna da "dodgy" ga abin da ba a yarda da shi ba da "ropey" ga abin da ba shi da inganci. "Crap" kuwa kashi take nufi. Ana jin ta a fina-finai kamar ba komai, amma ba a faɗar ta gaban manya.

A ofis lamarin juyawa yake, musamman da mutumin Ingila, wanda yake da irin kawaicin da muka sani a gidan surukai. Ba zai ce aikinka banza ne ba. Zai ce "disappointing", ko "not quite what we expected", ko "it leaves something to be desired". Wannan ta ƙarshen, duk laushinta, tana nufin aikin bai yi ba ko kusa. In ya ce "quite good" yana jan "quite" ɗin, kadaran-kadahan yake nufi. In kuma ya ce "not bad at all", yabo ne na gaske, ka karɓa. Akasin haka, "manage" ɗinmu ba ta tafiya: "the phone is manageable" a wurinsa na nufin wayar tana da sauƙin sarrafawa, ba ɗan maneji ba.

Mataki na takwas: haɗa saƙon

Saƙon ƙorafi yana son abu uku: adadi, kalmar da ta dace da kowane aibi, da abin da kake nema. Akwai kuma wasu jimloli da kunnen kamfanoni ya saba da su. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta ce dole kaya su kasance "of satisfactory quality", "fit for purpose", kuma "as described", wato masu inganci gwargwado, masu yin aikin da aka saye su dominsa, kuma daidai da yadda aka siffanta su. Ko ba da Birtaniya kake ciniki ba, "not as described" da "not fit for purpose" sun fi zagi goma aiki, kuma ta farkon tana cikin dalilan da eBay ke karɓa don mayar da kaya.

Na sa ƙanena ya ajiye waya, ya sa yaran shagonsa su gwada caja 100 suna rubutawa. Kwana biyu suka yi. An sami 28 matattu, 35 masu zafi. Sannan muka rubuta:

"We tested 100 of the 500 chargers. 28 are defective and do not power on. 35 overheat within ten minutes and are not fit for purpose. The cables are flimsy and inferior to the sample you sent. Please replace the defective units or refund us."

Ya karanta ya ɗago kai. "Yaya, ina 'fake' ɗin? Kuma ba ka nuna musu raina ya ɓaci ba."

Na ce hotuna da bidiyon da zai haɗa da saƙon za su nuna. Na kuma tuna masa "goods" jam'i ce, "are" take ɗauka, ko da zai sake buƙatarta.

Bayan kwana huɗu suka amsa. Sun yarda za su canza matattun da masu zafin in ya gwada sauran 400 ya aiko da lissafi. Maganar igiya kuwa suka ce ingancinta "acceptable for this price range" ne. Ya tambaye ni me suke nufi, na ce ya koma mataki na biyu. Ya yi tsaki, ya kwashe masu siririyar igiyar ya zuba a faranti a bakin shago, ya ce wa yaronsa duk wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya: ɗan maneji ne, kada ya naɗe igiyar.